Amsar Tambaya: Jitar Jaz Mai Ƙundu da Na'urar Ɗaukar Sauti

Tambaya: Ina da jitar jaz mai ƙundu, ina so a ji ni a wajen biki. Wani ya ce a huda mata fuska a saka fikof, wato na'urar ɗaukar sauti. In yarda? Daga wani makaɗi a Ali Kazaure, Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka bari a huda. Muryar jitar daga rawar katakon fuskarta take fitowa, in aka yanke shi ba ya komawa. Nemi fikof mai shawagi, wanda ake maƙalawa a ƙarshen wuyan jita ko jikin farantin kariya, ba ya taɓa fuskar.

Kafin ka fitar da ko kwabo, auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da katako a gindin wuya. Jitoci da yawa ba su da sarari, sai siririn fikof. Nan aka fi yin asara.

Fikof ɗin DeArmond Rhythm Chief na da murya tangararau, amma naɗin wayarsa ɗaya ne, yana kwaso gunjin lantarki. Mu da muke kiɗa da janareta, na fi son mai naɗi biyu, irin wanda Gibson ta saka a jitar Johnny Smith a 1961. Kent Armstrong na yin irinsa.

Maganaɗisun fikof ba ya jin tsirkiyar tagulla sosai, don haka ka koma tsirkiyar nikel. Kuma ka sake duba tazarar in hunturun Jos ya kama, saboda katako kan bushe ya ɗan sauka.