Fentin Ruwa, Da Yadda A Ke Koya Wa Yara Shi

Ko wane almajiri ya san yadda a ke haɗa tawada. A kan kankaro baƙin tukunya, ko a niƙa gawayi ya yi laushi, a jiƙa ƙaro a ruwa, sa'an nan a gauraya su cikin kurtu. In babu ƙaro rubutu ba ya zama a allo, da ya bushe sai ya kakkaɓe kamar ƙura. To, wanda ya san wannan ya riga ya san asalin fentin ruwa, watau irin fentin nan da a ke sayarwa cikin 'yan akwatunan gwangwani, a ke shafa shi a takarda da burushi. Babban abin da ke cikinsa garin launi ne da ƙaro. Tawada baƙa ce, shi kuwa ana yinsa ja da rawaya da shuɗi, da sauran launuka iri iri.

Ƙaron kuwa daga ƙasashenmu ya ke fita. Itacen da ya fi ba da mai kyau shi ne ɗakwara. Da rani a kan ɗaye bawonta, bayan 'yan makonni sai a tarad da ƙaro ya tsattsafo ya daskare, a bi ana tsinka. Sudan ta fi kowace ƙasa samunsa, sa'an nan Cadi da Nijeriya. A Nijeriya kuma ya fi yawa wajen Borno da Yobe da Jigawa. Daga nan a ke ɗurawa a buhu a kai Turai, a haɗa shi da launi, ya komo mana cikin gwangwani mu saya da tsada.

Turawa sun daɗe suna wannan sana'a. Akwai wani Bajamushe, sunansa Albrecht Dürer, ya zana zomo da fentin ruwa a shekarar 1502, ya fid da gashinsa sili sili, har da hasken da ke cikin idonsa. Takardar tana nan har yau a birnin Viyana ta ƙasar Ostiriya. Amma a zamaninsa mai zane shi ke niƙa launinsa, ko yaransa su niƙa masa. Sai wajen 1780 wani mutumin Landan, William Reeves, da ɗan'uwansa Thomas, suka fara sayad da fenti a dunƙule, busasshe, wanda in ka goga shi da ruwa sai ya narke. Tun daga nan abin ya yi sauƙin ɗauka, ya shiga jakar matafiya, daga baya ya shiga makarantu.

Yadda za ka haɗa naka

Ba kowace makaranta ke da kuɗin sayen akwatin fenti ga yaro arba'in ba. Kada wannan ya hana malami koyarwa, gama abin da ya ke bukata yana kasuwar garinsu, wani ma yana bakin rafi.

Ka fara da ƙaro. Zaɓi mai haske, wanda ba ya da ɓawo da ƙasa, ka daka shi. Ka zuba awo ɗaya na ƙaro cikin awo biyu na ruwan ɗumi, ka rufe, ka bar shi ya kwana. Da safe ka tace da tsumma mai tsabta. Kada ka jiƙa da yawa, domin in ya yi kwanaki ya kan yi tsami ya yi fumfuna.

Launin da ya fi kowanne sauƙi shi ne na ƙasa. Ka ɗebo jar ƙasa ka dama ta cikin ƙwarya da ruwa mai yawa. Dakata kaɗan, yashi da tsakuwa su kwanta. Sa'an nan ka tsiyaye jan ruwan nan na sama cikin wata ƙwarya, ka ajiye har gobe. Za ka iske laka mai laushi ta kwanta a ƙasa. Zubad da ruwan, ka shanya lakar, in ta bushe ka niƙa. Haka za ka yi da ƙasa mai ruwan ɗorawa, in akwai ta a wajenku. Baƙi kuwa ka riga ka sani. Shuɗi ana samunsa daga shunin marina, ko bular da mata ke sa wa farar tufa. Rawaya kuma daga gangamau, ko saiwar rawaya. Karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, yana ba da ja.

Sai dai ka san launin ƙasa da na gawayi ba su koɗewa, ko takarda ta shekara nawa. Na tsiro kuwa rana na cinye su. Gangamau ma bai cika jimrewa ba. Soɓorodo ya fi su duka yaudara: ka shafa shi ja wur, ya bushe ya koma wani shuɗi-shuɗi mai duhu, in ka ɗiga masa ruwan kanwa ya juye kore. Ba ya zane mai daɗewa, amma ka nuna wa yara, za su yi mamaki, su yi ta tambaya.

In garin launi ya samu, sai ka ɗiba kaɗan a kan faranti, ka ɗiga ruwan ƙaro, ka murza da bayan cokali har ya zama kamar kunu mai kauri. Gwada a takarda, ka bari ya bushe, ka shafa da yatsa. In ya biyo yatsanka, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli yana tsattsagewa, ƙaro ya yi yawa. Ɗigo guda na zuma ya kan hana shi ƙeƙashewa, amma ka rufe shi, don kiyashi. Zuba ko wane launi cikin marfin kwalba, ka shanya a inuwa. Ka sami akwatin fenti ke nan.

Burushi ma ana yinsa. Yanko gashin jelar akuya, ka daidaita bakinsa, ka ɗaure gindin da zare, ka cusa cikin bututun gashin fiffiken agwagwa, ka sa masa sili ya zama mariƙi. In ana gaggawa, ɗanyen icce da aka tauna bakinsa kamar asawaki ya isa yaro ƙarami. Takarda kuwa, mai kauri ta fi, gama siririya ta kan kumbura ta yamutse in ta sha ruwa.

Ruwa da takarda

Fentin da a ke shafa wa ƙofa yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Fentin ruwa ba haka ya ke ba, takarda na leƙowa ta cikinsa, kamar yadda a ke ganin yashi ta cikin ruwan rafi in ya kwanta. Daga nan haskensa ya ke fitowa. Saboda haka mai wannan aiki ba ya bukatar farin fenti. In yana son ja ya yi haske, sai ya ƙara ruwa. In yana son wuri ya fito fari fat, kamar farin rawani ko hasken rana a kan tabki, sai ya ƙetare wurin, ya bar takarda yadda ta ke. Wannan shi ne abin da ya fi wuya ga mai koyo, domin hannu na son ya cika ko'ina.

Don haka kuma a ke fara wa da launi mai haske, a ƙare da mai duhu. Kana iya sa duhu a kan haske, amma ba ka iya mayad da haske a kan duhu. In za ka zana kuka a bayan gari, fara shafa sararin sama da shuɗi mai ruwa-ruwa, daga sama zuwa ƙasa, ka ɗan karkata allon da takarda ke kai don ruwa ya biyo burushi. Bari ya bushe sarai. Sa'an nan ƙasa, sa'an nan jikin kukar, daga ƙarshe inuwarta da rassanta. In ka yi garaje ka sa kukar sama ba ta bushe ba, launin zai bazu, ka ga kuka ta fid da gemu. Masu gwaninta su kan yi haka da gangan in suna son hadari ko hazo, su jiƙa takarda tukuna, su ɗiga launi, ruwa ya yi musu aiki.

Lokaci ma yana da nasa hali. Da hunturu fenti na bushewa kafin ka kai ƙarshen layi, sai ka yawaita ruwa, ka yi hanzari. Da damina kuwa sai haƙuri.

Yaro da malami

Ranar farko kada ka ce a zana kome. Ba ko wane yaro launi uku, ja da rawaya da shuɗi, da ruwa a gwangwani, ka ce ya gama biyu biyu ya ga abin da zai faru. Ba da jimawa ba za ka ji wani ya yi ihu, wai ya sami kore. Wani ya sami ruwan goro daga ja da rawaya, wani shunayya daga ja da shuɗi. Wani kuma zai dama ukun duka ya sami ruwan taɓo, shi ma ya koyi abu. Da ka rubuta musu wannan a allon bango, da sun haddace su manta. Gani ya kori ji.

Yara suna da matakin da su ke bi wajen zane, kamar yadda su ke rarrafe kafin tafiya. Ɗan shekara biyu ko uku kacaniya ya ke yi, daɗin motsa hannu ya ke ji. Wajen shekara huɗu sai ya yi da'ira ya sa mata ƙafafu biyu, ya ce mutum ne. In ya kai shida ko bakwai, abin da ya sani ya ke zanawa, ba abin da ido ke gani ba. Za ka ga ya zana ɗaki, ga gado da tulu a ciki ana gani ta bango. Za ka ga akuya ta fi rumbu girma, don akuyar tasa ce. Wannan ba kuskure ba ne, kada ka ɗauki burushinka ka gyara masa a kan takardarsa. In kana son nuna masa wani abu, nuna a taka. Kada kuma ka ce, “Mene ne wannan?” Ka ce, “Ba ni labarin abin da ka zana.” Za ka sha labari.

Wani malami a Viyana, Franz Cizek, ya buɗe ajin zane na yara a 1897. Ya hana su kwaikwayon hotunan manya, ya bar su su zana abin da ke ransu, har aikinsu ya yi suna a Turai da Amurka. A Nijeriya kuma Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode, shi ya yi ta roƙon Gwamnati a sa zane cikin darussan makaranta, yana kuma koyarwa da kansa a Ikko. A kan haka aka kawo Kenneth Murray daga Ingila a 1927. Shi kuwa Murray sai ya ce wa almajiransa su zana abin da su ke gani a ƙauyukansu, kasuwa da gona da masu sana'a. A 1937 aka nuna aikin biyar daga cikinsu a Landan, ɗayansu shi ne Ben Enwonwu, wanda daga baya ya shahara a duniya.

Ga ganina, inda malami ya fi amfani shi ne wajen shekara tara zuwa goma sha ɗaya. A nan ne idon yaro ya ke buɗewa, ya ga abin da ya zana bai yi kama da abin ba, kunya ta kama shi, ya ce, “Ni ban iya ba.” Da yawa daga nan su ke ajiye burushi, ba su sake ɗauka har tsufa. Yabo kawai ba ya maganin wannan, gama yaron ya san gaskiya. Abin da ya ke so a koya masa duba. Ajiye tulu a bakin ƙofa, ka tambaye shi, “Ta ina haske ya ke zuwa? Wane gefe ya fi duhu? Bakin tulun da'ira ka ke gani daga inda ka ke zaune, ko ya ɗan miƙe kamar ƙwai?” Ka fitad da su waje su dubi inuwar bango da hantsi, su ga ashe ba baƙa ba ce, akwai shuɗi a cikinta. Su dubi itatuwan nesa, su ga sun fi na kusa dushewa.

Akwai iyayen da ba su son 'ya'yansu su zana abu mai rai, saboda addini. Kada malami ya yi gardama da su, kada kuma ya tilasta wa yaro. Abin zanawa bai ƙare ba. Ga giginya da dabino, ga ganuwa da ƙofar gari, ga zankwayen soro, ga ƙwarya da faifai, ga hadarin gabas. Ga kuma zayyanar da a ke yi wa allon sauka, da dagi, da aska takwas ta gaban riga, da adon da magina ke yi wa bango a Kano da Zariya da Damagaram. Yaron da ya zauna ya bi dagi da burushi, bai bar layi ya tsinke ba, ya koyi riƙon hannu sosai.

In lokaci ya kusa cika, ka bar minti goma na gyara. Ko wane yaro ya wanke burushinsa, ya daidaita bakin da yatsa, ya kwantad da shi. Kada a bar shi tsaye cikin ruwa, gashin zai lanƙwashe. Ka hana su lasar burushi, domin waɗansu launukan da a ke saye suna da guba. Sa'an nan a rubuta sunan yaro da kwanan wata a bayan takarda, a ja igiya a bangon da rana ba ta bugu, a rataya na kowa, ba na gwanaye kaɗai ba. In mako ya zagayo a sauke, a sa wa ko wane yaro nasa cikin bangon kwali, bayan wata shida a fito da na farko a ajiye masa kusa da na ƙarshe.