Darasi: Wa Ke Biyan Kuɗin Iskar Da Maganin Ƙwari Ya Gurɓata?

Idan manomi ya yi feshi, kuɗin magani da ladan mai feshi kaɗai yake lissafawa. Amma wani kaso na maganin yakan bi iska, ya faɗa gonar maƙwabci ko huhun mazauna ƙauye. Kuɗin asibiti da asarar amfanin gona sai su hau kan waɗanda ba su ci ribar feshin ba. A shekarar 1920, masanin tattalin arziki na Ingila, Arthur Pigou, ya ba da shawarar a ɗora wa mai irin wannan ɓarna haraji daidai da ita.

Hukumomi na da hanyoyi uku na shawo kan matsalar.

Ta farko ita ce haraji. Tun daga 2013, ƙasar Denmark take ƙayyade harajin kowane magani gwargwadon illarsa ga lafiya da muhalli, domin mai guba ya fi tsada.

Ta biyu ita ce ƙayyade lokaci da yadda za a yi aikin. A 2008, Jihar Kaliforniya ta Amurka ta kafa ƙa'idojin turara magani a ƙasar gona daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin da zafin rana ke mayar da tururinsa gurɓatacciyar iska.

Ta uku ita ce haramci. A 1992 aka sa maganin methyl bromide, wanda ke lalata rufin ozon na sararin samaniya, ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal. Ƙasashe masu arziki aka ba su wa'adin 2005, masu tasowa kuma 2015, tare da tallafin wani asusu na musamman domin su koma ga wasu magungunan.

Abin lura shi ne, kowace hanya na da tsadarta. Haraji na ƙara kuɗin noma, ƙa'ida na buƙatar jami'an sa ido, haramcin gaggawa kuwa yakan buɗe ƙofar fasa-ƙwauri. Wa'adi mai tsawo da samuwar madadi su ne suka sauƙaƙa wa manoma rabuwa da methyl bromide.

Ga masu fitar da kaya waje, yarjejeniyar ta bar damar turara kaya da maganin kafin lodi, amma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a ƙasashenta tun 2010. Saboda haka, wajibi ne ɗan kasuwa ya binciki ƙa'idar ƙasar mai saye kafin ya ƙulla ciniki.