Hannun Yaro Makarantarsa Ta Farko

Kafin yaro ya san baƙi da wasali, da hannu yake karatu. Duk abin da ya gani sai ya kai hannu, mu kuwa iyaye ba abin da ya fi mana saurin fita baki kamar "Bari!" To, a san abin da za a hana, a san wanda za a bari.

A Abuja yara da yawa suna tashi a gidajen haya masu daɓen tayil, daga mota sai aji. Abin da suka fi shafawa shi ne gilashin waya, wanda kullum sumul yake. Yaron da bai taɓa damƙar yashi ba, ina zai san kaushi?

Hausa ba ta yi talaucin kalmomin taɓi ba. Akwai laushi da tauri, kaushi da sulɓi, santsi da danƙo, yauƙi da gautsi, ɗumi da danshi. Har muna ƙara musu gishiri, mu ce laushi tiɓis, sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf.

Koyar da su ba ya cin ko kwabo. Uwa ta sami ƙwarya ta sa auduga, da soso, da ƙaro, da yankakkiyar kuɓewa. Yaro ya rufe ido ya laluba, ta tambaye shi, "Me ka ji?" In ya ce da daɗi, ta ce, "Wannan laushi ne, auta." Gobe a sake, har kalmar ta zauna. In uba zai je kasuwar Wuse, ya tafi da shi ya shafa tabarma da atamfa, ya faɗi bambancinsu.

Kada a raina wannan. A Rum ta ƙasar Italiya, Maria Montessori ta buɗe makarantar ƙananan yara a 1907, ta riƙa koya musu haruffa masu kaushi waɗanda suke bi da yatsa. Makafi kuma da ɗigo 6 suke karanta rubutun Braille. Nan gida, Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane, hannunta ya san yumɓu. Har yau ana wannan sana'a a Ushafa ta yankin Bwari. A kai yara su taɓa ɗanyen yumɓu, su kuma taɓa gasasshiyar tukunya.

Amfanin har ya kai asibiti. Yaron da ya iya bambanta ƙaiƙayi da raɗaɗi da zogi ya sauƙaƙa wa likita aiki.

Sai dai a yi hattara. A nisanta yaro da wuta, da kaifi, da ƙananan abubuwan da zai iya haɗiyewa. In an gama, a wanke hannu da sabulu.

Iyaye da malamai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A fara yau, da abin da ke cikin madafi.