Garmaho Ko CD: Shawarwari 7 Kafin A Sayi Kayan DJ

Gidaje da yawa kan haɗa kuɗi su saya wa matashi kayan DJ, don ya riƙa samun na kansa a wajen kamu, dina da suna. Kafin a zare kuɗin, a duba waɗannan:

1. A lissafa biyu, ba ɗaya ba. Aikin yana buƙatar na'ura biyu da mikisa a tsakaninsu. Garmahon Technics SL-1200MK7 ya fito a 2019 kan kusan dala 1,000, Pioneer CDJ-3000 kuwa ta fito a 2020 kan dala 2,299. Kowanne sai an ninka.

2. Kuɗin garmaho ba ya ƙarewa ranar saye. Allura daban ake sayenta, kuma cinyewa take yi. Sannan waƙoƙin Ado Gwanja da Hamisu Breaker da ƙawayen amarya ke nema ba a faifan garmaho suke ba.

3. In garmaho za a saya, a nemi wanda injinsa ke juya faifai kai tsaye. Mai bel ɗin roba ya fi araha, amma da an taɓa faifan da hannu sai ya yi sanyi. Jerin SL-1200 mai juyawa kai tsaye, tun 1972, ƙarkonsa ya sa ko na hannu ba ya faɗuwa a kasuwa.

4. Kada a biya tsada kan na'urar da CD kaɗai take ci. Idon da ke karanta faifan yakan raunana. Tun 2009 CDJ-2000 ke karɓar filas, CDJ-3000 ma ba ta da ƙofar CD.

5. A tuna da yanayinmu. Ƙurar hunturu na shiga layukan faifai, zafin bazara na lanƙwasa shi, rugugin sifika na sa allura tsalle.

6. A karanta rubutun bayan na'ura. Wutarmu volt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Rashin dubawa na iya ƙona jari a daƙiƙa ɗaya. A haɗa da sitabilaiza.

7. Na hannu sai an gwada. A kasuwar Alaba ko ta Sabon Gari, a kunna a gaban mai kaya, a taɓa kowane maɓalli, a karɓi rasit.

Ga mai farawa, ƙaramar kontirola da laftof sun ishi biki. Rarar kuɗin a zuba ta a sifika mai kyau da janareto, domin su taro ke ji.