Yadda Ake Gina Soron Ƙasa Mai Jure Damina

A Miri, kamar sauran unguwannin gefen Bauchi, bulo da kwano sun kusa cinye ginin ƙasa, har yara na ɗaukarsa ginin marasa hali. Amma a Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, soron da Babban Gwani ya gina wa Madakin Bauchi wajen 1860 yana nan tsaye, kuma tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Abin da ya tsayar da shi ba sihiri ba ne. Magina sun san ruwa ne abokin gabar ƙasa, saboda haka kowane mataki na aikin shiri ne na tarbar damina.

Na farko, lokaci. Ana fara gini bayan kaka, idan ruwa ya ɗauke, don komai ya bushe kafin hadarin farko.

Na biyu, kwaɓi. Ana haƙo jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, wadda magina ke kira birji, a farfasa ta, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa. Sai lebura su shiga da ƙafa suna tattakawa, ana juyawa da fartanya. Daga nan a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa. Ciyawar ce ke hana ƙasa tsagewa idan ta bushe. Wanda ya yi gaggawa a nan, bangonsa zai tona masa asiri.

Na uku, tubali. Ba a sa shi a ma'auni. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke. Ana jera su a rana har su bushe ƙarau, yadda idan an ƙwanƙwasa za a ji amo.

Na huɗu, harsashi da bango. Ana haƙa rami har a tarar da ƙasa mai tauri. A ƙasar Bauchi, inda dutse ba ya wuya, akan shimfiɗa duwatsu a ƙasan ramin don danshi kada ya hau. Sai a jera tubali a tsaye, kai sama, a cike tsakaninsu da kwaɓi. Magini yana zaune a kan bango, yaronsa na jefa masa curi daga ƙasa yana cafewa. Ba a ɗora sahu da yawa a rana ɗaya. Sai na ƙasa ya sha iska. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, don nauyi ya zauna ƙasa.

Na biyar, rufi, kuma a nan ake gane gwani. Azara ce ƙashin bayan aikin: itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Sai dai azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar mita 2. Don a sami ɗaki mai faɗi, sai a kafa azara cikin bango tana leƙowa, a ɗaura wata a kanta da igiya ta ɗan ƙara gaba, a lulluɓe da kwaɓi, a bari ya bushe, a ƙara wata. Haka za a yi daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya: bakan gizo ke nan. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗaga tsakiyar rufi, an sami ɗaurin guga. Wannan dabara ce ke riƙe da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a shekarun 1830. Bayan haka a jera gajerun azara a tsakanin bakunan, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daddaɓe, a karkata ta zuwa bakin indararo. Indararon dole ya yi tsawo, ya zubar da ruwa nesa da gindin bango.

Na shida, yaɓe. Bango yana samun makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa. Rufi kuwa laso ake shafa masa: katsi daga marina, gashin akuya daga majema, da yauƙin dafara. Sannan a tayar da zanko a kusurwoyi, mai hali kuma ya sa a zana masa dagi a ƙofar zaure tun yaɓen yana ɗanye.

Mataki na ƙarshe ba ya ƙarewa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, sai a hau soro a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe. A Jenne ta ƙasar Mali, gari guda ke fitowa yaɓen babban masallacinsu duk shekara. Yawancin sorayen da suka rushe a garuruwanmu wannan matakin aka tsallake, don haka mai niyyar ginin ƙasa ya sa kuɗin yaɓen shekara-shekara cikin lissafinsa tun kafin a haƙa harsashi.