Wane Baki Ya Dace da Wane Allon Waya?

TAMBAYA

Ni mai haɗa wayoyin intakom da na kwamfuta ne, ban jima da gama koyon aiki ba. An ba ni aiki a wani otel mai tsohon akwatin intakom, cikinsa jeri-jeri na farar roba, kowane jeri da lamba daga 1 zuwa 0, ga kuma sabon fanel na netwok. Madannin da nake danna waya da shi baki ɗaya gare shi, an rubuta 110 a jikinsa. A fanel ya yi aiki lafiya lau, amma a akwatin intakom wasu layuka sun mutu, wasu kuma sai ƙara suke yi. Mai shago ya ce in sayi bakin 66. Wanne ya kamata in saya?

Mai karatu, Kaduna

AMSA

Allon da za a yi aiki a kansa shi ke zaɓar baki, kuma wanda aka kwatanta a wasiƙar nan allon Krone ne. Bakin 110 bai dace da shi ba, na 66 ma haka.

Duk waɗannan alluna dabararsu ɗaya ce. Ba a feɗe robar waya. Ana tura ta ne tsakanin haƙora biyu na ƙarfe, su yanka robar da kansu su cije jan ƙarfen da ke ciki. Aikin baki shi ne ya kai wayar har ƙasan tsagar ba tare da ya buɗa haƙoran ba, sannan ya datse rarar da ta saura. Tun da haƙoran kowane allo da irin zamansu, kowanne da bakinsa.

Allon 66 shi ne mafi tsufa. Kamfanin Bell na Amurka ya fito da shi a 1962 don wayar tarho, kuma ana gane shi da tsayayyun haƙoran ƙarfe da ke fili, jeri hamsin daga sama zuwa ƙasa. Bakinsa na da rami a tsakiya wanda haƙorin ke shigewa ciki. Allon 110 ya biyo baya, shi ne kuma ake samu a yawancin fanel da soket na Cat5e da Cat6, inda haƙoran ke ɓoye cikin roba. Akwai kuma BIX da kamfanin Nortel na Kanada ya ƙirƙiro, wanda ba kasafai ake cin karo da shi a nan ba.

Krone, wanda ake kira LSA-PLUS, aikin Jamus ne, kuma ya bazu a Turai da Afirka da Asiya. Jerinsa da aka fi sani na ɗaukar tagwayen waya goma. Abin da ya bambanta shi shi ne haƙoransa a karkace suke, kusurwa 45 da wayar, don haka sukan kama ta daga gefe biyu a wurare daban. Bakin 110 ba a yi shi don wannan karkata ba. In aka danna shi da ƙarfi, ko dai ya buɗa haƙoran su daina cizo, ko ya fasa robar, ko ya bar wayar a rabin hanya. Daga nan mutuwar layi da ƙara suke fitowa. Madannin Krone na gaskiya yana da ɗan almakashi a bakinsa mai datse rara, da ƙugiya a gefe ta zaro waya. Sukundireba kuwa, wadda wasu ke sawa in sun rasa madanni, ta fi kowane baki ɓarna.

Haƙorin da ya riga ya buɗe ba ya komawa daidai. Gara a zare wayar da ƙugiya a mayar da ita gurbin da ba a taɓa ba, a gyara rubutun lambar. In ɓarnar ta yi yawa, a sauya jerin gaba ɗaya.

Ko an sami bakin da ya dace, da sauran lura. Bakin 110 da na 66 yawanci kai biyu gare su, ɗaya mai wuƙa, ɗaya marar wuƙa don wayar da za ta zarce zuwa wani gurbi. Dole gefen wuƙar ya fuskanci rarar da za a yar. Wanda ya juya shi, layin da yake haɗawa zai datse. Madanni mai sifirin na da matakin HI da LO. Ana farawa da LO ga siririyar waya da soket, a koma HI in wayar mai kauri ce, irin ta Cat6, ta ƙi zama. A kebul na netwok kada a warware murɗin tagwaye fiye da milimita 13. Sannan haƙoran 66 da na 110 an yi su ne don waya mai sanda ɗaya ta jan ƙarfe. Kebul mai araha da cikinsa alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe yakan karye a bakin haƙori, a ɗora wa madanni laifin da ba nasa ba.

Wasu fanel an rubuta musu 110/Krone, suna karɓar duka biyun, amma sai an ga rubutun a jiki ko a kwali. Haka kuma ba kowane baki ke shiga kowane mariƙi ba, don haka a tafi shago da madannin a gwada kafin a biya.

Ga wannan aiki, a sayi madannin Krone don akwatin intakom, a riƙe bakin 110 don fanel, a bi kowane layi da testa kafin a rufe akwati. Bakin 66 zai iya jira sai ranar da aka ga allonsa.