Saiwa Ma Tana Numfashi: Yadda Ake Haɗa Ƙasar Tukunya Don Furen Fulumeriya

Sau da yawa ɗalibi kan dasa fure a tukunya, ya yi ta ba shi ruwa safe da yamma, amma bayan 'yan makonni sai ya ga ganyen ya yi rawaya, gindin ya yi laushi. Sai ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Alhali kuwa ruwan ne ya kashe shi. Ba shukar da ta fi nuna wannan darasi a fili kamar fulumeriya.

Fulumeriya ƙaramar bishiya ce mai kaurin rassa da fure mai ƙamshi, fari ko ja ko ruwan hoda. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan. An sa mata wannan suna don tunawa da Charles Plumier, masanin tsirrai ɗan Faransa wanda ya rasu a 1704. Danginta ɗaya da tumfafiya da kariya, shi ya sa in an karya reshenta farin ruwa kamar nono yake fitowa. Tana tara ruwa a jikinta, don haka tana jure fari, amma ba ta jure zama cikin danshi.

Dalili shi ne saiwa tana numfashi. Tana samun iskar oksijin daga 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Ƙwayar yashi takan kai milimita 2, ta laka kuwa ba ta kai milimita 0.002 ba. Ramukan yashi manya ne, ruwa ya wuce iska ta shiga. Na laka ƙanana ne, suna riƙe ruwa su hana iska shiga. Idan saiwa ta daɗe haka sai ta shaƙe, ƙwayoyin cuta masu son danshi su ruɓar da ita.

Ga haɗin da malami zai iya yi da kayan gida: kwano 2 na yashin rafi mai manyan ƙwayoyi, kwano 1 na ƙasar lambu, kwano 1 na takin da ya ruɓe sarai, da rabin kwano na gawayi da aka farfasa kamar girman gyaɗa. A guji rairayi mai laushi, domin yana toshe ramuka, a kuma guji ɗanyen taki, domin yana ƙona saiwa. A yayyafa ruwa, a dunƙule haɗin a hannu. In ya wargaje da an taɓa shi, ya yi. In ya tsaya kamar curin fura, a ƙara yashi.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin jikinta yana tsattsafo. Lallai a huda gindinta. Wasu kan zuba tsakuwa a ƙasan tukunya wai don ruwa ya fita. Wannan kuskure ne: ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, saboda haka danshin sai ya matso kusa da saiwa.

Reshen da za a dasa a bar shi a inuwa mako 1 zuwa 2 har bakin yankan ya bushe. A kiyaye ido da baki daga farin ruwan, yana da dafi. Bayan dashe, kada a ƙara ruwa sai yatsa ya ji ƙasar ta bushe. Da hunturu, lokacin da ta zubar da ganye, a rage ruwa sosai.

Aiki a aji: a samo gwangwani 3 masu huda iri ɗaya. A cika na farko da laka, na biyu da yashi, na uku da haɗin nan. A zuba kofin ruwa ɗaya a kowanne, a duba agogo, a kuma auna ruwan da ya ɗigo. Wanne ya fi saurin tsiyayewa? Wanne ke da danshi bayan kwana 2? Kowane ɗalibi ya rubuta dalilin da ya sa yashi zalla ma bai dace da shuka ba.